Wuƙar da aka ƙera da harsashin igwa: me ke cikin ƙarfen, me ke cikin labarin?

Akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Kinmen, a hannun Taiwan yake amma a zahiri a bakin ƙofar Chaina yake zaune, in ka tsaya a gaɓar tekunsa kana hango dogayen benayen birnin Xiamen da idonka, tazarar ba ta wuce kilomita 10 ba, shi kuwa babban tsibirin Taiwan ɗin da ke mulkinsa yana can nesa kusan kilomita 200. Abu uku aka san Kinmen da su a kasuwa: giyar dawa, alawar gyaɗa, sai wuƙar kicin. Dawa da gyaɗa dai ba baƙinmu ba ne, wuƙar ce abin magana, don da kwanson harsashin igwa ake ƙera ta, harsashin da sojojin Chaina suka kwashe shekara 20 suna antayo wa tsibirin.

Mutane in sun ji haka sai su ɗauka ƙarfen yaƙi wani ƙarfe ne na daban, wai tunda an yi shi don kisa to dole kaifinsa ya fi na kowa. Ba haka abin yake ba. “Ƙarfen yaƙi” ba abu ɗaya ba ne sam, wani yana yin wuƙa mai kyau, wani ko fartanya ba zai yi ba, wani kuma kafin ka kai shi maƙera ya tashi da kai. Irin makamin da aka harbo shi ne ke yanke hukuncin komai, kuma Kinmen sa'a ta yi, in har ana kiran ruwan wuta na shekara 20 sa'a, aka harbo mata irin da maƙeri zai iya aiki da shi.

A 1949 'yan kwaminis na Mao suka ci yaƙin basasar Chaina, Chiang Kai-shek ya kwashi gwamnatinsa da sojojinsa ya tsallaka Taiwan, amma ya riƙe wasu tsibirai na bakin gaɓa, Kinmen na ciki. A watan Oktoba na shekarar sojojin Mao kusan 9,000 suka sauka a wani wuri da ake kira Guningtou don su ƙwace tsibirin, cikin kwana uku aka gama da su, wanda bai mutu ba an kama shi. Daga nan Kinmen ta zama bariki gaba ɗayanta, aka haƙe duwatsu aka yi ramuka da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, har lokacin da sojojin da ke jibge a wurin suka kai wajen 100,000, sun fi mutanen gari yawa. An yi luguden wuta a 1954, amma babban shi ne na 1958. Ranar 23 ga Agusta da yamma igwogin Chaina suka buɗe wuta a lokaci ɗaya, luguden ranar farkon nan ya yi ajalin mataimakan kwamandan tsibirin har guda uku. Cikin kwana 44 harsashi sama da 470,000 ya sauka a kan ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 150 ba, ka yi lissafi da kanka, sama da harsashi 3,000 kenan a kowane murabba'in kilomita. Amurka ta shigo ta bayan fage, jiragen ruwanta suna rako jiragen kayan abinci da makamai, ta kuma ba Taiwan manyan igwogi masu baki inci 8, abin ya tsaya cak, ba mai ci gaba ba mai ja da baya.

Sai kuma aka shiga wani yanayi da har yau in mutum ya karanta sai ya sake karantawa. A ƙarshen Oktoban 1958 Beijing ta sanar cewa daga yanzu ranakun mara kawai za ta riƙa harbi, wato 1 ga wata, 3 ga wata, 5 ga wata, ranakun cika kuwa kowa ya je harkarsa, jiragen kaya su shigo. Yaƙi da jadawali kenan. Masana tarihi da dama suna ganin Mao ba ya son ƙwace Kinmen a lokacin kuma ba ya son Chiang ya janye daga cikinta, don muddin Taiwan na riƙe da tsibirin da ke manne da gaɓar Chaina to maganar cewa ƙasa ɗaya ce ake rigima a kanta tana nan da rai. To harbi dai dole a yi don kar a ce an daina, amma ba a son ɓarna mai yawa, shi ya sa a hankali aka koma harba harsashin da ke ɗauke da takardun farfaganda a maimakon nakiya. Su ma na Taiwan suna mayar da nasu takardun. Haka aka yi ta yi har 1 ga Janairun 1979, ranar da Amurka da Chaina suka ƙulla hulɗar jakadanci, sannan aka ce an tsayar.

Nan ne zancen wuƙa ya samo asali, kuma nan ne yawancin masu ba da labarin ke tsallakewa. Harsashin igwa mai nakiya an yi shi ne don ya tarwatse, cikinsa cike yake da abin fashewa, in ya sauka kwanson ya dagargaje ya zama ɓaraguzai masu kaifi su watsu ko'ina, su ne ke kisa. Abin da maƙeri zai tsinta bayan haka guntaye ne karkatattu, da yawa da tsaga a jikinsu wadda ido ba ya gani, sai ka gama wahala wuƙa ta tsage a hannunka. Shi kuwa harsashin farfaganda dabara daban aka yi masa: an cusa takardu a ciki an naɗe, akwai ɗan hodar albarushi kaɗan da agogon da ke tayar da shi a sama kafin ya sauka, hodar sai ta ture murfin gindin ta watso takardun iska ta ɗauka, shi kuma kwanson ya ci gaba da tafiya fanko ya je ya nitse a gona ko a rairayin gaɓa. Ƙarfe ne dunƙule, mai kauri, lafiyayye, ba nakiya a cikinsa. Kar fa a ɗauka ba ya kisa, ƙarfe mai nauyin kilo da yawa da ya faɗo daga sama in ya sami rufin gida sai ya huda ya sauka a kan wanda ke ciki, kuma ya kashe mutane ya raunata wasu a shekarun nan, shi ya sa daren ranar mara a ramin ɓuya ake yinsa. Amma in gari ya waye, abin da ke kwance a gona kaya ne da za a iya ɗauka a kai wa mai saye.

Gidan da ya fi suna a wannan sana'a shi ne na dangin Wu, masu kamfanin Chin Ho Li, wanda wuƙaƙensa ke fita da tambarin Maestro Wu. Tun 1937 suke ƙira, wato tun kafin rigimar Mao da Chiang ta iso tsibirin. Mahaifin, Wu Chao-hsi, shi ya fara taɓa ƙarfen bam a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan na riƙe da Kinmen, ƙarfe ya yi wuya, jiragen ƙawance suna jefo bama-bamai, shi kuma ya riƙa tsintar abin da ya rage yana ƙera kayan aiki. Ka ga kenan tun farko ba don ƙawa aka fara ba kuma ba don tarihi ba, rashi ne. Ɗansa Wu Tseng-dong shi ya gaji maƙerar ya kuma mayar da ita abin kallo.

Duk wanda ya ga yadda ake aikin a shagon zai gane ba wani siddabaru a ciki. Ga tulin kwanson harsashi nan jibge a gefe, duk sun yi tsatsa jawur, wasu da ƙasa a jikinsu. Sai a gangaro da ɗaya a kwantar, a ɗauko wutar gas irin ta masu walda a yanko ɗan yanki daga jikinsa, bai fi tafin hannu ba, a lanƙwashe yake tunda daga jikin abu mai zagaye ya fito. A kama shi da awartaki a cusa a wuta har ya yi ja ya koma ruwan lemo, a fito da shi a sa ƙarƙashin gudumar inji tana dukansa ana juyawa, lanƙwasar ta miƙe, kaurin ya baje ya zama faffaɗa, in ya huce a mayar wuta a sake. Daga nan a yanke gefe-gefe a fitar da siffar wuƙa, irin faffaɗar nan mai kusurwa huɗu da 'yan Chaina ke yanka komai da ita daga albasa har ƙashin kaza, a kai ta dutsen inji a goge baƙin, a ba ta wuta a tsoma, a sake gogewa a fitar da kaifi, a sa ƙota. Cikin ƙasa da awa guda an gama ta nuni. Masu shagon suna cewa kwanso ɗaya yana ba da wuƙa wajen 60.

To me ya sa wannan ƙarfen ke yin wuƙa, rodin gini kuma ba ya yi? Amsar kabon ce, wato sinadarin nan da ke cikin gawayi. Abin da muke kira ƙarfe a dunƙule ya kasu ne gwargwadon kabon ɗin da ke cikinsa, kuma ɗan kaɗan ne fa, duk rigimar a ƙasa da kashi 1 cikin 100 ake yinta ko sama da haka da kaɗan. Wanda kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 ba, irin na ƙusa da falankin ƙofa da yawancin abin da mai walda ke aiki da shi, ko ka tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi taurin kirki ba, ka wasa shi yanzu ka yanka nama biyu ya dakushe. Daga wajen 0.5 zuwa 1 nan ne ƙarfen wuƙa yake. In aka gasa irin wannan ya kai wajen digiri 800, kabon ɗin yana narkewa ya bazu cikin jikin ƙarfen, in aka bar shi ya huce a hankali sai ya koma inda ya fito ƙarfen ya yi laushi, in kuwa aka tsoma shi a ruwa ko mai farat ɗaya sai kabon ɗin ya maƙale bai sami hanyar fita ba, ƙarfen ya ƙame ya yi tauri sosai. Maƙeri ba ya buƙatar ma'aunin zafi, launi yake kallo, wasu kuma da maganaɗisu suke gwadawa don a wajen digiri 770 ƙarfe ke daina kama shi, in ya daina to an kusa. Sai dai taurin nan na farko gautsi ne da shi, in wuƙar ta faɗi a siminti tana iya karyewa biyu, shi ya sa dole a sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, ana kallon launin da ke bin jikin gogaggen ƙarfen, in ya yi ruwan zuma an tsaya, in aka yi sakaci ya wuce ya koma shuɗi to bakin ya yi laushi, aikin ya koma baya.

Kwanson harsashi kuwa dole a yi shi da ƙarfe mai ƙarfi, don ka tuna abin da yake sha: hoda ta tashi a bayansa cikin bututun igwa, ta tura shi daga tsaye zuwa gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa ɗaya, yana kuma juyawa, in akwai rauni ko rami a jikinsa a cikin igwar zai fashe ya kashe masu harbin. Saboda haka kowace gwamnati, komai talaucinta, ba ta wasa da ƙarfen harsashi, ana auna shi ana duba shi. Chaina ta ƙarshen shekarun 1950 ƙasa ce da aka sa ƙauyawa narka tukwane da fartanyoyi a tandun bayan gida don a cika alƙaluman ƙarfe, abin da ya fito yawancinsa shara ne, amma wanda ya tafi masana'antar makamai mai kyau ne. Wato mafi kyawun ƙarfen da ƙasar ke da shi a lokacin, wani kaso nasa an harba shi kyauta zuwa gonakin abokan gaba. Ni wannan ya fi ba ni mamaki a kan duk wani zancen kaifi.

Amma ko a nan sai an yi hattara. Ƙarfen harsashi an auna shi ne don aikin harsashi, ba don yanka tumatir ba. Wasu ƙasashen da gangan suke haɗa ƙarfen kwanso ya zama mai gautsi don ya fi tarwatsewa, wani kuma akwai farar wuta a cikinsa fiye da kima don ya yi sauƙin fiƙewa a inji, irin wannan in ka gasa ka buga sai ya riƙa tsagewa. Kuma ko mai kyan ne, bai fi ƙarfen wuƙa na zamani da ake haɗawa musamman don wuƙa ba, wanda aka san kabon ɗinsa daidai da digirin da yake so daidai. Maƙerin da ke aiki da tsintaccen ƙarfe kullum cikin canki-canki yake, ƙwarewarsa ce ke cike giɓin. Rabin ingancin wuƙar Kinmen a hannun mai tsomawa yake, in ma bai fi rabi ba.

Wannan ɓangaren ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Maƙeranmu na baƙi da can tama suke haƙowa su narka, aikin kwana da kwanaki da gawayi buhu-buhu da zuga-zugi, a samu ɗan dunƙulen ƙarfe. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya fara shigowa, daga baya motoci suka yawaita suka fara mutuwa, sai narkar tama ta yi ta ja da baya har ta ɓace, don wa zai sha wannan wahala ga guntun dogo ga sifirin ɗin mota a yashe? Yau ka je maƙera gab da Babbar Sallah ka ce a yi maka wuƙar fiɗa ko barho, tambayar da mai hankali ke yi ita ce da wane ƙarfe, kuma amsar da ake so a ji ita ce sifirin. Za ka ga maƙeri ya ɗauki guntun ƙarfe daga tarin da 'yan gwangwan suka kawo, ya ɗan goga a dutsen inji yana kallon tartsatsin, in dogaye ne miƙaƙƙu marasa reshe ya jefar gefe, wannan na ƙyauren ƙofa ne, in kuwa suna fashewa suna rassa kamar furen wuta sai ya ajiye kusa da uwar maƙera. Bayan ya tsoma kuma ya ɗauko magagari ya ja a bakin, in ya ci to ba ta yi ba a koma wuta, in ya zame yana ƙara siririya to ta yi. Bai taɓa jin kalmar kabon ba watakila, amma kabon ɗin yake aunawa. Sifirin na mota galibi kabon ɗinsa wajen 0.6 ne da ɗan kuromiyam, wani ƙarfe da ake garwayawa a ciki, an yi shi ya lanƙwasa ya dawo sau miliyoyi bai karye ba, shi ya sa yake yin adda da gatari da duk abin da ake sara da shi.

Kuma a gaskiya in ana maganar ƙarfen yaƙi da ya shiga hannun maƙera a duniya, ba harsashi kaɗai ba ne, akwai sifirin ɗin motocin soja. A Filifin da yaƙi ya ƙare a 1945 Amurkawa sun bar tarin motocin jif, wasu aka ja musu jiki aka mayar da su motocin haya da har yau ake ji da su, waɗanda suka mutu kuma sifirin ɗinsu ya tafi maƙera aka riƙa ƙera bolo, addar da manomin can ba ya rabuwa da ita. A Nepal ma maƙeran Kami da ke ƙera kukuri, lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta sojojin Gurkha, sifirin ɗin manyan motoci suke nema. Siffar wuƙar ta kakanni ce, ƙarfen na bola ne, ba wanda ya ce ta daina zama ta gargajiya don haka.

Abin da ya raba Kinmen da sauran shi ne kasuwa. Samarin Taiwan da ake turawa aikin soja na dole a tsibirin, in wa'adinsu ya cika za su koma gida, me za su kai wa uwa tsaraba daga wurin da ba komai sai ramuka da dawa? Wuƙa. Haka sunanta ya shiga kicin-kicin na Taiwan. A 1992 aka ɗage dokar soja a Kinmen aka buɗe ta ga 'yan yawon buɗe ido, a 2001 aka fara jigilar jirgin ruwa kai tsaye tsakaninta da Xiamen, daga baya baƙi daga Chaina suka riƙa cika shagunan suna saye suna komawa da ƙarfen inda ya fito. Sojoji kuma aka yi ta rage su har suka koma 'yan dubbai, tattalin arzikin da ya dogara da bariki dole ya nemi wani abin sayarwa, sai ya sayar da tarihin barikin. Daga nan farashin wuƙa ya rabu biyu, akwai kuɗin ƙarfe da aiki, akwai kuɗin labari, kuma na biyun ne ke hawa.

Inda labari ke da kuɗi kuwa dole mai saye ya buɗe ido. Kwanson harsashi baƙin ƙarfe ne mai kabon, yana tsatsa, ga su nan ma jawur a tsakar shago. Ƙarfen da ba ya tsatsa, sitenles, sai an zuba masa kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100, kuma ba sojan da zai yi asarar kuromiyam haka a kan abin da za a harba sau ɗaya. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka wuƙa mai ƙyalli wadda za ta kwana a ruwa ba ta yi ko ɗigo ba, ya ce maka zallar harsashi ce, to akwai sauran bayani, ko dai an haɗa ta da wani ƙarfe, ko an lulluɓe, ko kuma sunan kawai ta ɗauka. Haɗawar ba laifi ba ce, wuƙar ma tana iya fin ta asalin daɗin aiki a kicin, a dai faɗa. Sannan harsashin ba haihuwa yake yi ba, tun 1979 ba a ƙara ko ɗaya ba, abin da ake samu yanzu sai wanda aka tara tun da, ko wanda ya fito in ana haƙar harsashin gini ko gyaran gona.

Yanzu ka ɗauki wannan sana'ar ka kai ta Laos ka ga yadda take juyewa. Daga 1964 zuwa 1973, a gefen yaƙin Biyetnam, jiragen Amurka sun jefa wa wannan ƙasa bam sama da tan miliyan 2 a sawu wajen 580,000, in aka raba da yawan jama'a ba ƙasar da aka taɓa yi wa haka. Da yawa daga ciki irin bam ɗin nan ne mai 'ya'ya, babban kwanso ya buɗe a sama ya zubo ɗaruruwan ƙanana kowanne bai fi lemon zaƙi girma ba. An ƙiyasta an zubo ƙananan nan wajen miliyan 270, kuma kusan miliyan 80 ba su tashi ba, suna nan cikin ƙasa. A lardin Xieng Khouang ƙarfen yaƙi ya shiga rayuwa ta ko'ina, manyan kwansunan nan su ne ginshiƙin rumbu da shingen gida da kwamin shuka albasa, tankin man jirgin sama an yanka shi ya zama kwalekwale, a ƙauyen Ban Napia cokula ake zubawa da alminiyon da aka tsinto, maƙeran Hmong da sauran ƙabilu kuma sun daɗe suna ƙera wuƙar daji da fartanya da guntayen bam, don ƙarfen ya fi wanda za su iya saye.

Bambancin kawai, na Kinmen fanko ya sauka, na Laos da ransa ya kwanta. Tun da aka daina jefawa a 1973 mutum sama da 20,000 ne suka mutu ko suka nakasa, da yawansu yara, wasu kuma ba tsautsayin noma ba ne, neman ƙarfen ne ya kai su. A shekarun 2000 da farashin tsohon ƙarfe ya tashi, na'urar gano ƙarfe mai araha ta shigo daga Biyetnam, sai ƙauyawa suka bazama daji, na'ura ta yi ƙara a sa fartanya a haƙa, kuma na'urar ba ta san bambancin guntun da ya mutu da ɗan bam ɗin da ke jira ba. Wasu ma da saninsu suke kwance babban bam don su raba ƙarfen da nakiyar su sayar da kowanne daban. A maƙera kuma haɗarin iri ɗaya ne ko'ina, duk ƙarfen da ke da rufaffen ciki ba ka san me ke ciki ba in ya shiga wuta kana iya jin amsar a lahira. Wanda ke zaune a Arewa maso Gabas ya san wannan ba labarin nesa ba ne, 'yan jari bola sun sha shiga dazukan da aka yi yaƙi neman ƙonannun motoci da kwanson harsashi, wasu ba su dawo ba, har a 2023 gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarfen a jihar.

Shi ya sa ni ba na yarda da masu haɗa waɗannan wurare a kwando ɗaya su ce ga yadda ɗan Adam ke mayar da makami kayan amfani, an yi tafi an watse. A Kinmen maganar ta zauna, don abin da ya rage a ƙasa yawancinsa ba ya tashi, nakiyoyin da aka binne a gaɓar tsibirin ma sojoji sun bi sun kwashe, sana'ar ta zama ta gado mai shago da tambari. A Laos kuwa duk wanda ya sayi wuƙa ko cokali don an ce masa daga bam aka yi, ya kamata ya tambaya wa ya haƙo ƙarfen, masu aikin kwance bam ne suka tabbatar ya mutu suka miƙa, ko wani yaro ne da fartanya, don kuɗin da aka biya a kan labarin shi ne ke mayar da mutane daji. Aikin sharewar kuma tafiyar hawainiya yake yi, ƙungiyar MAG mai kwance bama-bamai ta fara a 1994, gwamnati ta kafa tata hukumar sharewar, UXO Lao, a 1996, yarjejeniyar hana bam mai 'ya'ya da aka sa wa hannu a Oslo a 2008 taronta na farko a Vientiane, babban birnin Laos, aka yi a 2010, Amurka dai ba ta shiga yarjejeniyar ba, ko da yake Obama da ya je a 2016 ya yi alƙawarin dala miliyan 90 cikin shekara uku. A shekarar ce kuma Laos ta ɗauki muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙara nata na 18 a kai, wanda ba kowa ke da shi ba: a raba mutane da bam ɗin da bai tashi ba.